Furobayotik na yara: yaushe za ki ba shi, wanne za ki saya, kuma yaya ake haɗa shi

Ƙanwata ce ta kira ni wajen sha ɗayan dare, ɗanta ɗan shekara ɗaya da rabi ya kwana biyu yana zawo, ta aika an sayo mata furobayotik a kemis da kuɗi masu kauri, tana tambayata wai sau nawa za ta ba shi a rana. Na ce mata toh ORS ɗin fa, wato ruwan gishiri da sukari na leda, kofi nawa ya sha tun safe? Sai ta yi shiru. Ashe ba ta saya ba kwata-kwata, wai mai kemis ya ce mata wannan ɗin shi ne na zamani, yana gyara ciki tun daga tushe. Wallahi hankalina ya tashi, na ce ta duba min nafkin ɗin yaron, ta ce tun la'asar bai jiƙa shi da fitsari ba, leɓensa ma ya bushe. A daren nan na sa mijinta ya fita neman ORS, da safe suka wuce asibiti, Alhamdulillah yaro ya warke. Amma abin ya tsaya min a rai, saboda ba ita kaɗai ba ce, iyaye da yawa yanzu sun ji sunan furobayotik a Facebook da TikTok sun ɗauka maganin komai ne, alhali yana da wurinsa kuma wurin nasa ba shi da faɗi kamar yadda masu talla suke nunawa.

Bari na fara da ko mene ne shi. Cikin kowane mutum, musamman babban hanji, cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, masana sun ƙiyasta bakteriyar da ke jikin babban mutum ta kai kusan tiriliyan 38. Mu da mun ji bakteriya sai mu tuna cuta, amma yawancin waɗannan ba cuta suke kawowa ba, suna taya mu narkar da abinci, suna cike gurbi ta yadda masu cutarwa ba za su sami wurin zama ba, kuma suna koya wa garkuwar jikin yaro aiki tun yana jariri. Furobayotik shi ne a ɗauko wasu irin waɗannan halittu masu amfani, a busar da su ba tare da an kashe su ba, a zuba a sacet ko kafso ko ruwan ɗigo. A 2001 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsayar da ma'anarsa, suka ce halittu ne masu rai waɗanda idan an sha su da yawan da ya isa suna amfanar lafiya. Ki riƙe kalmomin nan biyu, masu rai, da yawan da ya isa, duk abin da zan faɗa a ƙasa a kansu yake tafiya. Idan sun mutu a hanya ko a shago ko a kofinki, gari kawai kika ba yaro.

Kafin komai, maganar zawo, tunda shi ne ya fi kai mu kemis.

Abin da ke kashe yaro a zawo ƙarewar ruwan jiki ne, kuma furobayotik ba ya mayar da ruwa ko ɗigo ɗaya. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce maganin zawon yara abu biyu ne, ORS da zink. Ki duba bayan ledar ORS ɗin ki ga yawan ruwan da aka ce, yawanci lita ɗaya ce, wato ledar fiya wata biyu mai 50cl, ki juye garin duka kada ki raba shi da ido. Yaron da bai kai shekara biyu ba ki ba shi rubu'i zuwa rabin kofi, wajen 50 zuwa 100ml, duk bayan ya yi zawo, wanda ya wuce shekara biyu rabin kofi zuwa kofi guda, da cokali kaɗan-kaɗan ba ɗura ba. In ya yi amai ki dakata minti goma ki ci gaba a hankali. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo. Zink kuma ƙwaya ɗaya mai 20mg kullum na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata shida ba rabi, tana narkewa a cokali da ɗan ruwan nono, kuma dan Allah ko zawon ya tsaya a kwana na uku a ƙarasa kwanakin, saboda yana rage dawowar zawon a watannin da ke gaba. In dare ne babu ORS a gida, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta zai riƙe ki zuwa safe. Nono kuma kar a tsayar, abinci ma kar a hana shi.

Toh ina furobayotik ya shigo a nan? Gaskiyar magana, a irin wannan zawon na yau da kullum amfaninsa bai taka kara ya karya ba. Tsofaffin bincike sun nuna kamar yana rage kwanakin zawo da kusan yini ɗaya, shi ya sa ya yi suna, amma a 2018 aka fitar da manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka da yara 971 ɗaya a Kanada da yara 886, aka ba rabi furobayotik rabi kuma gari marar komai, ba a ga bambancin a zo a gani ba, kwanakin zawon kusan ɗaya ne. Har yanzu likitocin cikin yara na Turai sun yarda a ƙara wasu nau'o'i a kan ORS, na kwana biyar zuwa bakwai, su kuma likitocin ciki na Amurka sun ce ba sai an yi ba. Ni dai fahimtata, in kuɗin hannunki na abu ɗaya ne, ORS da zink za ki saya, babu ma shawara a ciki. In kuma likita ya ƙara miki furobayotik a kai kuma kina da hali, ba laifi.

Akwai kuma lokacin da ba a zama a gida ko da me kike da shi a kabad. In kin ga jini ko majina mai jini a kashin, ko yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, ko ya yi laushi yana ta barci da kyar ake tashinsa, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya yi awa shida zuwa takwas bai yi fitsari ba, ko zawon kamar ruwan wankin shinkafa lokacin da ake kwalara a unguwa, ki saɓa shi sai asibiti. Kuma maganar wai haƙori ne, 'yan uwa mu yi hattara da ita, lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro yake rarrafe yana kai komai baki, daga nan zawon yake zuwa, kuma zawon haƙori da wanda ba na haƙori ba duk ruwa suke ƙarar wa yaro.

Inda furobayotik ya fi nuna kansa shi ne lokacin da yaro yake shan antibayotik. A nan ne ni ma na fara saninsa. Ɗana na biyu ya yi ciwon kunne aka rubuta masa sirof ɗin antibayotik na kwana bakwai, a kwana na uku ciki ya ɓaci, kashi ruwa-ruwa sau biyar sau shida, ɗuwawunsa har ya yi ja ya saɓule saboda yawan wanki, yana ganin na ɗauko buta sai ya fara kuka. Dalilin shi ne antibayotik ba ya tantancewa, yana kashe masu cutar kunnen yana haɗawa da na kirkin da ke hanji, musamman irin su amoksisilin mai haɗin kilabulanik da dangin sefalosforin. Ƙungiyar Cochrane, masu tattara bincike su tace, a 2019 sun haɗa gwaji 33 da aka yi kan yara sama da 6,300, suka ga a cikin yaran da ba a ba furobayotik ba kusan 19 cikin 100 sun yi zawo, waɗanda aka ba kuma 8 cikin 100. Wato in aka ba yara tara, ɗaya zai tsira daga zawon da da zai yi. Wannan amfani ne na gaske, musamman ga yaron da kin san duk sanda ya sha antibayotik sai cikinsa ya lalace.

Yadda ake yi kuwa, ba jira ake sai zawon ya fara ba, ranar da aka fara antibayotik ko washegari ake farawa, a ci gaba har kwanakin maganin su ƙare, wasu likitocin suna ƙara kwanaki kaɗan a kai. In furobayotik ɗin na bakteriya ne ki raba su da aƙalla awa biyu, misali antibayotik ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, shi kuma furobayotik da azahar, in kin haɗa su lokaci ɗaya maganin zai kashe su tun kafin su isa inda za su. Kuma kar ki tsayar da antibayotik da kanki don ciki ya ɗan saki, ki kira likitan ki gaya masa, in zawon ya yi yawa ko da jini a koma asibiti a ranar. Wani abin kuma da ya fi duk wannan, mu rage ba yara antibayotik ba tare da likita ya ce ba. Mura ce Septrin, zawo ne Flagyl, tari ne amoksisilin, yawancin mura da zawon yara bairos ne ke kawo su kuma antibayotik ba ya taɓa bairos, hanjin yaron kawai ake sharewa a banza, sannan a zo ana neman abin da zai gyara.

Yanzu ga ki a famasi, kwalaye sun kai goma, kowanne da hoton jariri yana dariya. Ki manta da hoton, juya kwalin ki nemi suna. Furobayotik ba abu ɗaya ba ne, kamar yadda in an ce hatsi akwai gero akwai dawa akwai maiwa, a dawar ma akwai kaura akwai farfara, kowacce da abin da ta dace da shi. Sunan kirki gaɓa uku gare shi, misali Lactobacillus rhamnosus GG, wannan GG ɗin na ƙarshe shi ne ainihin nau'in da aka yi gwaji a kansa, haruffan farko ne na sunan masana biyu na Boston, Gorbach da Goldin, da suka gano shi a shekarun 1980. In kwali ya ce Lactobacillus kawai ya yi shiru, ba ki san me ke ciki ba. Kar kuma ki rikice in kin ga an rubuta Lacticaseibacillus rhamnosus GG, a 2020 aka sauya wa dangin suna, abu ɗaya ne.

Nau'i biyu ne suka fi hujja a kan zawon antibayotik, shi wannan GG ɗin da kuma Saccharomyces boulardii. Na biyun shi na fi so a yanayinmu, kuma ga dalili. Shi ba bakteriya ba ne, yis ne, ɗan uwan wanda ake sa wa fanke da burodi, wani Bafaranshe Henri Boulard ne ya samo shi a shekarun 1920 a yankin Indocina daga ɓawon wasu 'ya'yan itace. Tunda yis ne antibayotik ba ya kashe shi, ba sai kin yi ta lissafin awa biyu ba, kuma wanda aka busar a sacet ba ya bukatar firij. A Najeriya za ki same shi da suna irin Floranorm, 'yan uwanmu na Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci sun fi sanin Ultra-Levure, ba talla nake wa kowa ba, sunan da ke bayan kwalin shi ne abin dubawa. Yawanci sacet ɗaya 250mg ne, yara kan sha ɗaya sau ɗaya ko sau biyu a rana gwargwadon yadda likita ya rubuta. Abin da ke kashe shi maganin fangas ne, irin nistatin da ake ɗiga wa yaro in bakinsa ya yi fari, ko fulukonazol, in yaro yana shan waɗannan to a gaya wa likita.

Abu na biyu a kwalin shi ne lamba da haruffan CFU a gabanta, wato adadin masu rai a kowane sha. A bitar nan ta Cochrane waɗanda suka fi aiki su ne masu biliyan 5 zuwa sama a rana. Amma kar ki ce to bari na sayi mai biliyan 100 mai nau'i goma sha biyar, yawan suna a kwali ba shi ne hujja ba, gara nau'i ɗaya da aka gwada a kan yara da tarin waɗanda ba a san aikinsu ba. Ki duba kuma ko adadin da suka rubuta na ranar da aka yi shi ne ko har zuwa ranar ƙarewar wa'adinsa, na biyun shi ne na gaskiya, saboda suna mutuwa a hankali a cikin kwalin. Sai lambar NAFDAC, sai ranar lalacewa, in saura wata ɗaya ko biyu ki bar musu kayansu. Masu kama da alawa da ake taunawa kuma ni ban ba ƙananan yara, ga sukari ga haɗarin shaƙewa. Akwai kuma wani mai ruwa a 'yar kwalbar roba mai kama da ta allura, Bacillus clausii ke ciki, sha ake yi, ko da wasa kar a bari wani ya zuƙa a sirinji ya yi wa yaro allura da shi.

Ki ɗaga kai ki kalli shagon ma. Yawancin kwalayen an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuma a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram watan Afrilu zafi yana wuce 40, toh kwalin da ya wata uku a kanta ƙarƙashin rufin kwano rana tana dukansa ta taga, me ya rage a ciki? Ki sayi naki inda ake da sanyi kuma kaya suna tafiya da sauri. In an ce nau'in na firij ne ki tambaye su yadda suke yi in an ɗauke wuta, in kuma gidanki wutar sai a hankali, tun farko ki ce a ba ki wanda ba ya son firij. A gida ki sa shi a ɗakin da ya fi sanyi, cikin kabad ko akwati, ba kicin kusa da murhu ba, ba cikin mota ba, ba kuma gindin randa ba saboda laima ma tana lalata shi.

Wajen haɗawa ne aka fi yin asara ba a sani ba. Ni kaina ranar farko a cikin koko na juye, kokon da na dama yanzu yana tururi, don na ga haka zai fi shanyewa, sai wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya da ta shigo ta ce Maman Abba ai kin dafa su. Zafi yana kashe su nan take. Ki sami ƙaramin kofi ko babban cokali, ki zuba ruwan da aka tafasa ya huce sarai, ko ruwan nono da kika tatsa, ko kindirmo, kamar cokali biyu zuwa uku kawai, ki juye garin ki motsa ki ba shi a take. Kar ki haɗa a cikin fida cike da madara, in ya sha rabi ya bari rabin maganin ya tafi. Kar ki haɗa da safe ki ajiye na yamma. In a koko ko kunu kike son sawa ki bari ya huce har ki ɗiga a bayan hannunki ki ji ba ɗumi sosai, ki ɗebi cokali biyu ki haɗa a ciki ya fara shanye wannan tukuna. In kafso ne yaro bai iya haɗiya ba ana buɗe shi a zazzage garin haka nan. Ki wanke hannu kafin da bayan. Kuma kar a sa zuma don daɗi in yaron bai cika shekara ɗaya ba, zuma tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba, tana sa jiki ya saki har numfashi ya gagara. Kwana biyun farko za ki iya jin cikinsa yana ɗan ƙugi ko yana yawan tusa, yakan wuce, amma in ƙuraje suka feso ko fuska ta kumbura ko zazzaɓi ya zo, a tsaya a ga likita.

Sai jarirai masu kukan ciki, wanda duk wadda ta yi jego da irinsu ta san abin da nake nufi, da magariba ta yi sai jariri ya fara tsala kuka yana naɗe ƙafa yana jan ciki, awa uku ba ya shiru, kin ba nono kin goya kin jijjiga duk a banza, ke ma sai ki zauna kina hawaye. Yakan tsananta wajen sati shida, ya lafa da kansa wajen wata uku zuwa huɗu. A nan akwai nau'i ɗaya da aka ga yana rage kukan, Lactobacillus reuteri DSM 17938, wanda kamfanin BioGaia na ƙasar Siwidin yake yi, ɗigo biyar sau ɗaya a rana na wajen sati uku. A jariran da ke shan nonon uwa aka ga amfanin, masu shan madarar gwangwani abin bai fito fili ba. Ki girgiza kwalbar, ki ɗiga a cokali mai tsafta, kar bakin kwalbar ya taɓa bakinsa. Amma kafin ki yanke cewa kukan ciki ne a fara kai shi a duba, jaririn da bai kai wata uku ba in yana da zazzaɓi ko ya ƙi nono ko cikinsa ya kumbura ko yana amai kore, wannan ba na ɗigo ba ne. Kuma don girman Allah a daina ɗura wa jarirai jiƙe-jiƙe da ruwan kanwa da sirof ɗin da ba a san asalinsa ba, ba mu manta yaran da muka rasa a 2008 ba, sama da 80, saboda wani sirof na haƙori da aka samu guba a cikinsa.

Maganar ƙara garkuwar jiki kuma, wadda ita ce ta fi yawa a talla, a nan ne nake so mu riƙe kuɗinmu. Eh gaskiya ne hanji da garkuwar jiki suna da alaƙa mai ƙarfi, kuma an yi gwaje-gwaje da suka nuna 'yar raguwar mura. Akwai wanda aka yi a gidajen renon yara a Finlan aka buga a 2001, yara 571, wata bakwai suna shan madara mai GG, bambancin kwanakin da suka yi fashi saboda ciwo bai cika kwana ɗaya ba tsakaninsu da waɗanda ba su sha ba. Wata bakwai kina saye don kwana ɗaya. Yaro lafiyayye mai cin abinci yana wasa ba ya bukatar sacet kullum. Ga bushewar ciki ma ba a samu hujjar kirki ba, ruwa da ganye da gwanda da lemo sun fi. Abin da ke gina hanjin yaro tun farko shi ne dakashi, wannan nonon farko mai kauri da wasu har yau suke matsewa su zubar wai ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin farko, sannan nono zalla wata shida, a cikin nonon uwa akwai wani irin sukari da jaririn ma ba ya narkar da shi, abincin bakteriyar kirki ne da ake kira Bifidobacterium, Allah Ya riga Ya haɗa abin tare. Sai rigakafin rota da ake ɗigawa a baki, wanda Najeriya ta sa cikin rigakafin yara kyauta a watan Agustan 2022, a sati 6 da 10 da 14, shi ne ke tare bairos ɗin da ya fi kwantar da jarirai da zawo mai tsanani. Sai sabulu da ruwa mai tsafta.

Akwai yaran da ba a ba su furobayotik sai da bakin likitan da ke duba su, wannan kam ba wasa. Bakwaini da jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi, a 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan wani bakwaini ya rasu, bakteriyar da ke cikin furobayotik ɗin da aka ba shi ta shiga jininsa. Haka yaron da ke shan maganin cutar daji, wato kansa, ko mai cuta mai karya garkuwar jiki, ko wanda ya daɗe yana shan sitiroyid, ko mai ciwon zuciya, ko wanda aka yi wa aikin hanji, ko wanda yake kwance an sa masa robar da ke shiga babbar jijiya. Mai sikila ma a tambaya tukuna. Yaro mai tamowa kuma, wanda ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura gashi ya yi ja, cibiyar tamowa za a kai shi a ba shi abincinsu na leda, sacet ba zai ɗaga shi ba.

Na bar kindirmo a ƙarshe don shi ne wanda za ki iya yi kullum ba tare da kin shiga famasi ba. Ba zan ce miki daidai yake da GG ko boulardii ba, nau'in da ke ciki daban ne kuma ba a ƙirga su ba, in likita ya rubuta sacet to sacet ɗin za ki ba. Amma a matsayin abinci, daga wata shida zuwa sama cokali biyu uku na kindirmo marar sukari abu ne mai kyau, ga gina jiki ga masu rai a ciki, ita dai madarar shanu zalla a matsayin abin sha sai ya cika shekara. Koko da kamu da daddawa duk an tsima su, amma tafasa da girki sun kashe na ciki, abinci ne masu kyau ba furobayotik ba. Nonon da ake tallansa kuma matsalarsa ba ki san ko an tafasa madarar ba, ba ki san ruwan da aka sirka da shi ba, madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wasu zazzaɓin, don haka na yaro gara ki yi da hannunki. Yogot na kanti ma wasu an sake dafa su bayan sun kama don su daɗe, wasu kuma sukari ne zalla, ki nemi wanda aka rubuta yana da masu rai a ciki.

Ga yadda nake yi. Lita ɗaya ta madara, ta shanu ko ta gari da kika dama da kauri, ki tafasa kina motsawa kar ta kama, ki sauke ki bari ta huce har ki iya sa ƙaramin yatsanki mai tsafta ki ƙirga goma ba ki ji ƙuna ba amma da ɗumi. In ta yi zafi za ta kashe irin, in ta yi sanyi ba za ta kama ba. Ki ɗebi babban cokali biyu na kindirmo mai kyau ko yogot marar sukari, ki dama shi da ɗan madarar a kofi tukuna sannan ki juye ki motsa sau ɗaya, ki rufe, ki sa a kula ko ki naɗe robar da zani ki ajiye inda ba mai taɓawa. Lokacin zafi awa shida ya isa, da hunturu sai ya kwana. In ya kama za ki ga ya daskare da ɗan ruwa-ruwa a sama, ƙamshinsa mai tsami kaɗan, in kin ga yana yauƙi ko kumfa ko wari ko wani launi, zubarwa za ki yi. Kina iya murza masa ayaba a ciki ko ki dama da 'yar fura mai laushi wadda kika san tsaftarta, su ayaba da gero da wake da dankalin Hausa da kuɓewa su ne abincin da bakteriyar hanjin ke ci su yawaita. In babu firij ki yi daidai wanda za a shanye a ranar. Ki ware cokali biyu a 'yar roba mai murfi tun kafin a sa hannu a ciki, shi ne irin gobe, bayan zagaye huɗu ko biyar in kin ji tsamin ya fara yawa ko ya daina kamawa da kyau sai ki sabunta iri.